Hammond Innes: teburin jaridar kuɗi ne ya yi shi, ko teku?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tunda satin nan ba mu tsayar da littafi ba, bari in kawo mana mutum guda mu tattauna a kansa, wato Hammond Innes, Bature ɗan Ingila, an haife shi 1913 a garin Horsham ya mutu 1998. Manyanmu da suka yi makaranta lokacin da laburare ke da rai ƙila su tuna sunan, yaran yanzu kam da wuya. Littattafan kasada ya rubuta sama da talatin, yawanci teku ne da jirage da ƙanƙara da hamada da ramukan haƙar ma'adinai. Abin da mutane ba su cika sani ba, kafin duk wannan ɗan jarida ne, kuma ba na siyasa ko na wasanni ba, jaridar kuɗi ce zalla, Financial News ta Landan, ya yi aiki a can daga 1934 zuwa 1940, ita ce daga baya a 1945 aka haɗe da Financial Times. Yana wannan aikin ya fitar da littafinsa na farko a 1937.

Ni dai ra'ayina, kuma a shirye nake a ja da ni, wannan teburin ne ya yi shi. Duk littafinsa da na karanta in ka tono ƙasan labarin kuɗi za ka tarar, inshora ko hannun jari ko takardar izinin haƙa ko kamfanin da ya kusa durƙushewa masu shi suna ɓoyewa. Mugunsa ba irin mai neman mallake duniya ba ne, darakta ne mai kwat da ya ci bashi ya rasa mafita. Jaruminsa kuma ba ɗan leƙen asiri ba, akawu ne ko lauya ko injiniya ko matuƙin jirgi da aka jefa cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya zauna shekaru yana karanta rahoton shekara na kamfanoni ne kawai zai san a nan mugunta ta gaske take kwana.

Hajiya Malama:
Wa alaikumus salam. Baban Walid ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, na koyar da adabin Turanci shekaru masu yawa kafin in yi ritaya kuma mutumin nan yana cikin waɗanda nake ba ɗalibai masu ƙyuyar karatu don su kamu. Amma ɗana ban yarda da kai ba. Kai akanta ne, duk inda ka duba lissafi kake gani. Babu wanda ya taɓa rufe littafin Innes ya ce kai inshorar nan ta burge ni. Abin da yake zama a ran mutum shi ne iska da igiyar ruwa da sanyi, yadda zai sa ka ji ruwa yana shiga takalminka kana zaune a ɗakinka. Wannan ba a ofis ya koya ba. Mutum ne mai jirgin ruwansa na kansa, shi da matarsa Dorothy suke fita teku, kuma tsarinsa sananne ne, wata shida yana tafiya yana gani da idonsa, wata shida yana zaune yana rubutu. Sannan yaƙi. A 1940 ya shiga sojan igwa, yana cikin masu harbo jiragen sama a sansanin Kenley lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a Ingila, daga nan ya rubuta Attack Alarm da ya fito 1941, ya gama yaƙin yana manjo. In jarida ce ta yi shi, me ya sa littattafai huɗun da ya fitar daga 1937 zuwa 1939, yana kan teburin nan da kake yabo, babu mai tuna su yau?

Baban Walid:
Allah ya ƙara miki lafiya Hajiya, tambayar tana da nauyi. Amsata ita ce lokacin yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon ango, yana rubutu bayan ya tashi aiki don ƙarin abin cefane, kuma kwaikwayon abin da ake yayi yake yi. Abin da ya gani a ofis bai nuna ba tukuna. Sai bayan ya bar soja a 1946 ya zauna rubutu gaba ɗaya abubuwan biyu suka haɗu.

Na Apapa:
Salam. Ni aikin fiton kaya nake a tashar jiragen ruwa, littafinsa ɗaya tak na karanta, The Wreck of the Mary Deare na 1956, amma wlh a kan wannan ɗayan ina bayan Baban Walid. Bari in ba waɗanda ba su karanta ba a taƙaice. Wani mai sana'ar ceto jirage yana cikin ƙaramin jirginsa da dare a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa sai wani ƙaton jirgin dakon kaya ya kusa bi ta kansu, babu kowa a kan tuƙi. Da ya samu ya hau sai ya tarar da mutum ɗaya tal a ciki, Gideon Patch, duk sauran ma'aikata sun tsere a kwale-kwale. Suka kai jirgin suka dasa shi kan wasu duwatsun ruwa da ake kira Minkies a kudu da tsibirin Jersey. To ashe kayan da takarda ta ce suna ciki, injinan jirgin sama masu tsadar gaske da aka yi wa inshora, tun a Rangoon aka sauke su a ɓoye, shirin masu kamfanin shi ne jirgin ya nitse a tsakiyar teku su karɓi kuɗin inshora, kayan kuma sun riga sun sayar. Kamar dai mai shago ya kwashe kayansa da dare ya banka wa shagon wuta da safe ya zo yana kuka a biya shi. Shi kuma Patch aka zaɓe shi don a ɗora masa laifi saboda da ma ya taɓa asarar wani jirgin, sunansa ya riga ya ɓaci, wa zai yarda da shi.

Abin da ya sa na ce mutumin nan ya san harkar, ku duba abin da ya faru da gaske bayan shekara 24. A watan Janairun 1980 wata babbar tankar mai, Salem, ta nitse a gaɓar Senegal, nan kusa da mu. Ta ɗauko ɗanyen mai sama da tan dubu 190 daga Kuwait, man na Shell ne a takarda, amma a hanya ta ratse Durban ta sauke yawancinsa a ɓoye ga Afirka ta Kudu, lokacin an sa musu takunkumin mai saboda wariyar launin fata, aka cika tankunan da ruwan teku don ta yi nauyi, aka zo aka nutsar da ita. Abin da ya fara tona asirin har da cewa man da ya malalo kan ruwa bai taka kara ya karya ba, kuma ma'aikatan da aka ceto an gan su da akwatunansu a shirye tsaf. Dabara ɗaya ce sak da ta littafin. Matuƙin jirgin nishaɗi ba zai san wannan ba Hajiya, sai wanda ya san yadda takardar kaya da takardar inshora suke tafiya.

Ummu Sultan:
Kai amma labarin Salem ɗin nan ya fi fim. Ni fa in faɗi gsky na gwada Mary Deare ɗin da Yaya Baban Walid ya turo mini kwanaki, farkon ya riƙe ni sosai har na kasa ajiyewa, wajen da suke ta zuba gawayi a tukunyar injin su biyu kawai ruwa yana shigowa, amma da aka koma kotun bincike lauyoyi suna ta tambaya wa ya sa hannu a kaza, nawa aka yi wa kaza inshora, sai na ji barci. Ni ina rubutu a waya ne babi babi, in na yi wa masu karatuna haka washegari rabi sun gudu.

Hajiya Malama:
'Yata ba ke kaɗai ba ce. Alfred Hitchcock da kansa aka ba littafin ya mayar fim, shi da marubucinsa Ernest Lehman suka yi ta fama suka ga in ka cire farko da ƙarshe abin da ya rage zaman kotu ne, suka ajiye shi suka yi North by Northwest a madadinsa. Daga baya wani darakta, Michael Anderson, ya yi shi a 1959 da Gary Cooper da Charlton Heston. Kun ga ke nan ɓangaren da Baban Walid da Alhaji Na Apapa suke yabo shi ne ya kori babban gwanin fim.

Baban Walid:
Hajiya fim daban littafi daban. Kyamara tana son abin da ke motsi, shi ya sa kotu ta gagare su. Amma a littafin ni wajen kotun nan ne cikina ya fi ɗurar ruwa, fiye da wajen guguwa. Ga mutum ya san gaskiya, kai mai karatu ka fara zargin gaskiyar, amma duk takardu suna hannun waɗanda suka shirya masa gadar zare, ma'aikatan jirgin sun haɗa baki, lauyan kamfani yana ta jan tsohon laifinsa a gaban jama'a, kuma hujjarsa guda ɗaya tana can kan duwatsu ruwa yana cinta kullum. In ba a zauna kotun nan ba, tseren da suka yi a ƙarshe zuwa wajen jirgin, har da tuƙa kwale-kwale da hannu, ba shi da wani dalili. Ƙanwata Ummu ki koma ki ƙarasa don Allah, za ki ga abin da nake nufi.

Kuma ku tuna wane zamani ya shiga aikin jarida. Ya bar makarantar Cranbrook a 1931. Kafin nan da kaɗan, 1929, daular Clarence Hatry ta rushe a kasuwar hannun jarin Landan saboda takardun jabu, aka yanke masa shekara 14. A 1931 ɗin kanta aka ɗaure Lord Kylsant wata 12, shugaban Royal Mail, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen ruwa na duniya a lokacin, saboda takardar neman jari da ta yaudari mutane, kamfanin ya daɗe yana asara ana biyan riba daga ajiyar ɓoye. A shekarar ce kuma Ingila ta saki ma'aunin zinare, wato ta daina ɗaure darajar fam ɗinta da zinare. Yaro ya buɗe ido a cikin wannan, ya ga mai sarauta mai jirage ya tafi gidan yari a kan lissafi, ina ganin dole ya fita da sanin cewa haɗarin jirgi ba kullum daga teku yake zuwa ba.

Ɗan Jos:
Ni abin da zan kawo daban ne, ku yi haƙuri in na karkata. Jaridar da yake wa aiki jaridar masu zuba jari ce, kuma a zamanin nan kamfanonin da ke haƙar kuza a ƙasarmu ta Jos a Landan ake cinikin hannun jarinsu. Mutum yana zaune can yana duba farashi ya hau ko ya sauka, bai taɓa ganin wanda ke ɗaukar ƙasa a kwano a ka ba, kuma har yau ga kududdufan da suka bari muna zagaye su. To wannan idon ne nake gani a littattafansa. Na karanta The Doomed Oasis na 1960, wanda aka gina kan neman mai a yankin Larabawa, kusan lokacin rikicin Buraimi da aka yi daga 1952 zuwa 1955 tsakanin Saudiyya a gefe guda da Abu Dhabi da Oman waɗanda Ingila ke mara wa baya a ɗaya gefen. Labarin yana da daɗi ban musa ba, amma wa ke ba da shi? Lauya daga Cardiff ta Birtaniya. Rigimar ta wa ce? Wani Kanar Bature da ɗansa. Larabawan da ƙasar tasu ce, ruwan nasu ne, man nasu ne, suna gefe ana yi da su. Don haka Baban Walid in ka ce jaridar kuɗi ce ta yi shi na yarda, amma ka karɓa duka, har da wannan.

Hajiya Malama:
Wannan magana taka ɗana akwai gaskiya a ciki kuma ba zan kare shi a kai ba. Ɗan zamaninsa ne, Baturen da aka haifa 1913 daular Ingila tana ganiyarta. Sai dai in yi masa adalci guda, a littafin da ka ambata damuwar yaron ba mai ba ce, ruwa ne, hanyoyin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke rayar da dausayin, yashi yana cinye gonakin dabino manya suna can suna rigimar rijiyar mai. A 1960 ba kowane marubucin kasada ke tunanin haka ba.

Baban Walid:
Na karɓa Malam, ba zan zaɓi mai daɗi in bar mai ɗaci ba. Amma ka lura da inda ya dosa da ya manyanta. The Big Footprints na 1977 kan kashe giwaye ne a gabashin Afirka, The Black Tide na 1982 kan tankar mai da ta fashe ta ɓata gaɓar Cornwall ta Ingila, abin da mutanen wurin suka gani da idonsu a 1967 da tankar Torrey Canyon, High Stand na 1985 kan sare daji. Shi kansa ya sa kuɗinsa a dashen itatuwa. Mutumin da ya san yadda kamfani ke lissafin riba shi ya fi saurin gane abin da ba a sawa a lissafin.

Ɗan Jos:
Eh amma ka ga ko a nan giwa da bishiya da tsuntsun teku sun samu mai magana da yawunsu kafin mutanen wurin su samu. Ban ce kar a karanta shi ba fa, ni ma ina da littattafansa, cewa na yi a karanta ido a buɗe.

Abu Hafsat:
Ni tambaya ce da ni, in maganar ɗan jarida da ya koma rubuta labarin kasada ake ai Frederick Forsyth ya fi kusa da mu, shi da ya zo ɗauko rahoton yaƙin basasa a 1967 wa BBC, me ya sa ba a kawo shi ba?

Baban Walid:
Shi wakilin yaƙi da siyasa ne ɗan'uwa, ba na kuɗi ba, kuma maganarsa doguwa ce tana buƙatar nata zaman daban don na san za a yi zafi. In kana son wanda ya fi kama da batunmu to Paul Erdman ne, kuma shi ta ɗaya hanyar ya biyo. Ma'aikacin banki ne, bankin da yake shugabanta a Basel ta ƙasar Suwizalan ya rushe a 1970 bayan asarar da aka tafka a cacar farashin koko, aka tsare shi, a tsaren ya fara littafinsa na farko, The Billion Dollar Sure Thing, ya fito 1973 ya ci kyautar Edgar ta littattafan binciken laifi, daga baya ya koma yana rubuta sharhin tattalin arziki a jaridu. Amma bambancinsu, Erdman kuɗin ne a gaba, kana ganin canji da zinare da banki ƙuru-ƙuru a kowane shafi. Innes kuwa yana binne kuɗin a ƙasa ya ɗora teku a kai, shi ya sa Hajiya take ganin teku ni nake ganin abin da ke ƙasa.

Hajiya Malama:
To ai ka faɗa da bakinka, ya binne shi. Marubuci ba ya binne abin da ya fi ƙauna. Ka duba abin da ya yi da dukiyarsa da zai mutu, yawancinta ƙungiyar horar da matasa tuƙin jirgin ruwa ya bar wa, bai bar wa makarantar koyon aikin jarida ko ta akanta ba. Jirginsa ma Mary Deare ya sa masa suna. Zuciyar mutumin tana ruwa.

Baban Walid:
Zuciyarsa tana ruwa Hajiya, ban ja ba. Amma inda zuciya take daban, abin da hannu ya iya daban. Masu son teku da suka yi rubutu suna da yawa, mafi yawansu bayanin tafiya kawai suka bari, mun tashi ran kaza iska ta kaɗa mun isa. Abin da ke mayar da tafiya labari shi ne dalili, me ya kai mutumin nan wurin da zai iya mutuwa, wa zai ci riba in bai dawo ba. Ɗauki Campbell's Kingdom na 1952. Akawun kamfanin inshora ne a Landan, likita ya ce masa kwanansa ya kusa ƙarewa, sai ga labarin kakansa ya mutu ya bar masa wani fili can saman duwatsun Rocky a Kanada. Kakan ya rayu yana rantsuwa akwai mai a wurin, ya tara kuɗin mutane, abin ya rushe aka ɗaure shi da sunan ɗan damfara. Yanzu ga wani kamfani yana gina madatsar ruwa da za ta shanye filin gaba ɗaya. To tseren shi ne a kai injin haƙa saman dutsen a samu man kafin ruwa ya taso. Littafin ya fito shekara biyar bayan an samu mai a Leduc ta jihar Alberta a 1947, lokacin kowa yana rububin hannun jarin man Kanada. Dusar ƙanƙara da manyan motoci a kan dutse suna nan, Dirk Bogarde ya fito a fim ɗin a 1957, amma abin da ke tura akawun nan shi ne wanke sunan kakansa a gaban mutanen da suka yi asarar jarinsu. Haka The Strode Venturer na 1965, rabi a tsibiran Maldives rabi a ɗakin taron daraktoci a Landan ana ƙirga ƙuri'un masu hannun jari.

Ummu Sultan:
Yaya wannan na akawun ya fi ja na wlh, mutum an ce zai mutu kuma ya tashi ya tafi. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai a duk zancen nan shi ne barin aiki. Ya dawo daga yaƙi 1946 yana da shekara 33 da mata, bai koma jarida ba. Ni ina aiki a wani ofis ina rubutu da dare, kullum ina tunanin in ajiye, gida suna ce mini kar ki kuskura.

Hajiya Malama:
'Yata ki ji maganar gida tukuna. Ki duba lissafin da kyau, bai yi tsalle cikin duhu ba. Kafin ya ajiye yana da littattafai bakwai a kasuwa, huɗun farko da uku na 1940 da 1941, ya riga ya koma babban kamfanin ɗab'i na Collins, an san sunansa. Kusan shekara tara yana haɗa rubutu da wani aikin, jarida sannan soja. Kuma da ya zauna ɗin bai zauna da wasa ba, a shekarun farko kusan kowace shekara sai ya fitar da littafi, wata shekarar biyu, The Lonely Skier da The Killer Mine duk 1947, The Blue Ice 1948, The White South 1949, ga na yara da yake fitarwa da sunan Ralph Hammond. 'Yan fim suka fara saye tun 1948. Sai da ƙafarsa ta tsaya sannan ya rage gudu ya koma ɗaukar shekara biyu ko fiye a kan littafi guda. Ya ci gaba har 1996, an ba shi lambar girmamawa ta Birtaniya, CBE, a 1978. Kuma can akwai kamfanin da zai biya ki kafin littafi ya fito, a ci gaba da biyanki kason kowane kwafi. Ke kin fi ni sanin yadda ake tura littafin mutum a guruf kyauta ranar da ya fito.

Baban Walid:
A nan kam ni da Hajiya bakinmu ɗaya. Kuma zan ƙara miki, ofishin nan da kike jin ya ishe ki ki buɗe ido a cikinsa. Wa ke sa hannu, wa ke jin tsoron odita, wace takarda ce in ta ɓace wani zai kwana lafiya. Ba cewa na yi ki kwashi sirrin wurin aikinki ki zuba a littafi ba, amana amana ce, yadda abin ke aiki za ki koya.

Na Apapa:
Labaran ma ai ga su nan birjik. Ku tambayi tsofaffin tashar nan labarin siminti na 1975, lokacin da gwamnati ta yi odar da ta fi ƙarfin tashar Legas nesa ba kusa ba, ɗaruruwan jirage suka yi layi a teku wata da watanni, kowane jirgi ana biyansa kuɗin jira kullum, har wasu suka gane jiran ya fi dakon riba suka turo tsofaffin jirage don su zo su tsaya kawai, simintin yana daskarewa a ciki. Har kotunan Ingila da Amurka maganar ta je. Wanda zai rubuta wannan dole ya san takardar banki ta biyan kaya da yadda ake lissafin kuɗin jira, in ba haka ba zai ga jirage ne kawai a tsaye.

Ɗan Jos:
Kuma in za a rubuta shi Alhaji, a ba lebura da ɗan kwale-kwalen da ke kai wa jiragen abinci baki su ma, kar a sake ba lauyan Landan.

Ummu Sultan:
Alhaji don Allah in na tashi zan dame ka da tambaya kan kuɗin jiran nan, ban gane wa ke biya ba, mai kayan ko mai jirgin?

Na Apapa:
Wanda ya yi hayar jirgin ko mai karɓar kayan, ya danganta da abin da aka rubuta a yarjejeniya. Ana ba ki kwanaki ƙayyadaddu ki sauke kayanki, in suka wuce kowace rana akwai kuɗin da za ki biya mai jirgi, ko laifinki ne ko cunkoson tasha ne. A na simintin gwamnati ce ta ɗauki nauyin a kwangilolin, shi ya sa abin ya zama rami. Ki turo tambayoyinki ta akwati in na tashi aiki zan amsa.

Hajiya Malama:
Baban Walid ni dai ina nan kan bakata, ka cire teku daga Mary Deare abin da zai rage fayil ne. Amma tunda Ummu ta tsaya a tsakiya, ina ba da shawara mu ɗauke shi a matsayin littafin sati mai zuwa kowa ya karanta, mu zo ranar Asabar mu yi magana a kan babin kotun kaɗai.

Baban Walid:
Na amince Hajiya, kuma in kika cire inshorar abin da zai rage rahoton yanayi ne, Asabar ɗin za mu gani. Masu neman kwafi ku duba wajen masu tsofaffin littattafai, bugun Fontana mai laushin bango yana yawan faɗowa, wanda ya samu biyu ya taimaka wa wani. Alhaji ka shirya mana bayanin yadda kotun binciken haɗarin jirgi take zama, wa ke kiranta kuma me za ta iya yi wa takardar shaidar kaftin, don Ummu ta san abin da Patch zai rasa kafin ta shiga babin.